An Sauya Kashe, Takardarka Ba Ta Mutu Ba

A shekarar 2024 hukumomin birane da yawa a Amurka sun ware kuɗi sun sauya na'urar da ke buga shaidar biyan kuɗin wasiƙa a jikin ambulan, alhali lafiyarta ƙalau. Gidan wayar ƙasar ne ya janye amincewarsa daga tsofaffin, ya ce sai sababbi masu haɗe da intanet, waɗanda ke kai masa rahoton abin da aka buga a kai a kai. Tun 1920 kamfanin Pitney Bowes yake ƙera irin wannan na'ura, kuma tun lokacin matsalarta ɗaya ce: duk abin da ke buga shaidar biya, kuɗi yake bugawa, idon ɓarawo kuwa yana kansa.

Mutumin Ɗan Barto, garin iyaka a nan Nijar, zai ce ina ruwansa. Rabonsa da aika wasiƙa ya manta. Kuɗi ta Nita ko Al Izza yake turawa, gaisuwa kuma ta WhatsApp, kamfanin Niger Poste sai dai ya ga allonsa in ya shiga Damagaram. To amma tambur bai rabu da mu ba, wuri kawai ya sauya. Yana kan kofen takardar haihuwa, yana kan takardar fili, yana kan duk abin da ka kai meri a tabbatar maka da shi. Kuma ba iri ɗaya ba ne: na gidan waya kuɗin ɗaukar saƙo ne, na haraji baitulmalin ƙasa yake shiga, na meri kuma asusun ƙaramar hukuma. Wanda ya manna maka wani a madadin wani ya ɓata maka takarda da kuɗi gaba ɗaya.

Mu ma mun ga namu sauyin. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi a madadin magadan gari, wato mai sa hannu ya sauya, kashen da ke ɗauke da muƙaminsa ma haka. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga CEDEAO. Irin wannan lokaci shi ne kakar ƴan kamasho. Za ka tarar da mutum a inuwa kusa da ƙofar ofis, da jaka a hammata, ya karɓi takardarka ya jujjuya, ya girgiza kai: "Alhaji, ai wannan ta mutu, an canza kashe. Kawo jikka biyu in shiga in sabunta maka." Ƙarya yake yi. Takardar haihuwar da magajin gari ya sa wa hannu yana bisa aiki tana nan da ƙarfinta bayan ya sauka, domin ofishi ne ya ba da ita.

Ga yadda ake cutar. Ana ɓamɓaro tsohon tambur daga takardar da ta gama aiki, a turara shi da tururi ya saki, a shafa gam a manna a sabuwa. In ka ɗaga shi a rana za ka ga gefensa ya yi laushi, launinsa ya koɗe, wani lokaci har da ɓurɓushin shuɗin tawada a kusurwa. Tambur na gaskiya a gabanka ake manna shi, sannan a buga kashe ya hau rabinsa, rabi ya sauka a kan takarda, don kada ya sake moruwa. Idan da'irar kashen ta tsaya a kan tambur ba ta ci gaba a kan takarda ba, daga wani wuri aka ɗauko shi. Shi kansa kashen, mai reza da guntun roba yana iya sassaƙa shi kafin la'asar, shi ya sa ganinsa kaɗai bai isa shaida ba. Abin da ba a iya sassaƙawa shi ne rajistar ofis. Tambayi lambar da aka rubuta takardarka a kanta, ka kuma karɓi rasit mai lamba da kwanan wata.

Iyaye mata su ji wannan da kyau: dokar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, kuma sanarwar kyauta ce. Wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya bi ta wurin alƙali, nan ne ɗawainiya take, nan kuma masu jaka suka fi samun ciniki.

Garin iyaka ya fi kowa shiga haɗari. Mai tsallakawa Kwangwalam zuwa kasuwar Mai'aduwa ko Daura, takardarsa tana ratsa hannun jami'an ƙasa biyu, in kuma aka gano ta jabu ce, mai riƙe da ita ake tsarewa, wanda ya sayar masa ya daɗe da sauya inuwa. Saboda haka shiga ofis da ƙafarka, ko da layi ya yi tsawo. In ba ka karanta Faransanci, tafi da ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka sunanka da kwanan wata tun kana gaban tebur. Wanda kuma ya nemi kuɗi ba rasit, kai maganarsa wurin sakataren meri, in ba a saurare ka ba, jandarmomi suna nan.