Ƙaramin Rauni: A Shafa Magani Ko A Bari?

Maganarmu ta yau a kan ƙaramin rauni ce, irin wanda ba ya hana mutum zuwa gona. Lauje ya ɗan taɓa yatsa, ko uwargida ta yanke garin yanka kuɓewa, ko kuwa yaro ya faɗi wurin langa ya ƙuje gwiwa. Sau da yawa mai irin wannan rauni yakan zo ɗakin shan magani ya miƙa ƙafa, ya ce, "Malam, a shafa mini man nan mai kashe ƙwayoyin cuta." In malamin ya wanke masa ya ɗaure bai shafa ba, sai ya koma gida yana gunaguni, wai an yi masa rowa.

To, ba rowa ba ce. Ku saurara ku ji dalili.

Abin da ke sa rauni ya ruɓe shi ne dattin da aka bari a ciki, watau ƙasa, da tsakuwa, da guntun ƙaya, da ƙwayoyin cutar da suka shigo tare da su, waɗanda ido ba ya gani. Wanda ya shafa mai a kan wannan datti, kamar wanda ya yi yaɓe ne a bangon da gara ta riga ta shiga. Daga waje sumul, ciki kuwa ana ta ɓarna. Saboda haka babban magani shi ne ruwa da sabulu.

Ka fara wanke hannunka. In jini na zuba, ka danne wurin da ƙyalle mai tsabta wajen minti 10, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. Sa'an nan ka samo ruwa mai tsabta, in na rijiya ne ko na kududdufi a tafasa shi ya huce, ka yi ta kwarara shi a kan raunin da buta kamar minti 5. Ka wanke gefe-gefe da sabulu, ka fid da duk abin da ya maƙale. Yaro zai yi kuka, a rarrashe shi, amma kada kukan ya sa a taƙaita wankin. Bayan nan sai a tsane wurin, a shafa basilin kaɗan, farin nan wanda ba turare a ciki, a rufe da filasta ko bandeji. Kowace rana a sake, haka kuma duk sa'ad da ya jiƙe ko ya yi datti.

Wani zai ce, ai iyayenmu cewa suke yi a bar rauni ya sha iska. A shekarar 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada wannan a jikin aladu. Ya ga raunin da aka rufe, ya zauna da ɗan laima, ya fi saurin yin sabuwar fata bisa ga wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Ga kuma ƙuda, wanda duk mun san inda yake sauka kafin ya zo kan ƙafarka. Aikin basilin ke nan, ya hana bushewa, ya hana bandeji mannewa. A 1996 kuma likitocin fata a Amurka suka gwada basilin da wani man kashe ƙwayoyin cuta mai suna basitirasin a jikin mutum fiye da 900 waɗanda aka yi wa ƙananan ayyuka. Ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen ruɓewa ko warkewa.

Gaskiya dai raunukan nan masu tsabta ne, wuƙar likita ce ta yi su. Ƙujewar da ta kwashi ƙasa sosai, man yakan ɗan taimaka mata bayan an wanke. Amma wannan a bar wa malamin asibiti ya duba ya yanke shawara, in ya bayar kuwa na 'yan kwanaki ne.

Me ya sa ba za a shafa wa kowa ba, ko don rigakafi? Na farko, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa, musamman mai niyomaisin a ciki. Wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi da ƙuraje, mai shi ya zaci ruɓewa ce, ya ƙara lafta wa, abin ya daɗa baci. Na biyu ya fi wannan nauyi. Ƙwayoyin cuta suna sabawa da magani. Alexander Fleming, wanda ya gano fanisilin a London a 1928, shi da kansa ya yi wannan gargaɗi a 1945. In aka yi ta ba su magani ba bisa ƙa'ida ba, raunanan cikinsu su mutu, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Ran da ɗanka ya kwanta da ciwo na gaske, a kawo maganin, a tarar ba ya ci. Don haka masu fasa kafso suna barbaɗa garinsa a kan rauni su bari. Ba a yi shi don haka ba.

Mafi muni kuwa shi ne kashin shanu, da ƙasa, da toka, da baƙin mai na mota. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, tana kuwa son rami mai zurfi inda iska ba ta kai. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, wani lokaci har raunin ya rufe an manta da shi, sai muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, jiki ya sandare. Ku riƙe wannan da kyau: ba man shafawar da ke hana ta. Allurar rigakafi ce kaɗai. Babba ya kamata ya sabunta tasa duk shekara 10, in kuwa raunin mai datti ne ko mai zurfi, kuma allurar ta wuce shekara 5, a sake masa.

Akwai raunin da ba na gida ba ne. Wanda ƙusa ko kututture ya soka, wanda bakinsa ya wage, wanda jininsa ya ƙi tsayawa, a kawo shi nan da nan. Cizon kare a wanke shi da ruwa da sabulu minti 15, sa'an nan a nufi asibiti ran nan, ko da ɗan ƙanƙane ne. Mai ciwon sukari, da wanda kuturta ta kashe wa jin zafi a ƙafa, su kam ba su da ƙaramin rauni, kowanne a nuna wa malami.

Wanda kuma aka yi wa magani a gida, a riƙa dubawa wajen sake ɗauri. In ja yana faɗaɗa, wurin ya kumbura yana zogi, ko ya fara mugunya, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya zo, kada a jira ranar kasuwa. Irin wannan ne ke zama gyambo ya zaunar da magidanci damina guda, gonarsa ta cika da ciyawa. A nan ne maganin kashe ƙwayoyin cuta yake da aiki, sau da yawa ma na sha ne ko allura, malamin zai faɗi yawansa da kwanakinsa, a cika su daidai.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan ƙunar wuta da ta ruwan zafi. Mu kwana lafiya.