Yadda Katunan Howard Carter da Hotunan Gilashi Suka Koma Intanet

Duk wanda ya buɗe tsofaffin hotunan kabarin Fir'auna Tutankhamun a wayarsa zai lura da wasu ƙananan katuna masu lamba da aka jingina jikin kujeru, akwatuna da gadaje. Da waɗannan lambobin ne har yau ake sanin inda kowane kaya yake lokacin da aka shiga kabarin.

Howard Carter, masanin tono kayan tarihi ɗan Ingila, ya gano kabarin a watan Nuwamba na 1922 a Kwarin Sarakuna, kusa da Luxor a Masar. Kwashe kayan ya ci shekara goma, aka ƙirga abubuwa 5,398. Ƙa'idarsa ita ce kada a ɗaga komai sai an ba shi lamba, an ɗauki hotonsa a inda yake, sannan a cika masa kati da ke bayyana girmansa, abin da aka yi shi da shi, da halin da aka same shi. Mai ɗaukar hoton, Harry Burton, aronsa aka yi daga gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. A kan farantin gilashi yake ɗauka, wani kabari da ke kusa kuma ya mayar da shi ɗakin wanke hoto.

Wannan tsantseni yana da dalili. Wasu tufafi da kayan ado na duwatsu zarensu ya riga ya ruɓe, da an taɓa sai su watse. A irin waɗannan, hoton Burton da rubutun Carter su ne kaɗai shaidar yadda abin yake tun asali.

Carter ya rasu a 1939 bai wallafa cikakken rahoton aikin ba. 'Yar 'yar'uwarsa, Phyllis Walker, ta miƙa takardunsa ga Cibiyar Griffith ta Jami'ar Oxford, inda suka daɗe ba mai ganinsu sai wanda ya iya zuwa can. Daga baya, a ƙarƙashin jagorancin Jaromir Malek, cibiyar ta ɗora katunan, zane-zane, littattafan da Carter ke rubuta aikin yau da kullum da kuma hotunan Burton a intanet, kyauta.

Sikanin gilashi ba shi ne babban aikin ba. Wahalar tana wajen kwafe rubutun hannun Carter zuwa kwamfuta domin a iya bincika shi, da haɗa kowane kati da hotunansa. Lambar ce ke riƙe komai: 256a, alal misali, ita ce fuskar zinariyar nan da duniya ta sani. Hoton da ya rabu da lambarsa kuwa, kome kyansa, ba ya amsa tambayar mai bincike.

Sai dai rumbun ya fito da wani giɓi da na'ura ba za ta cike ba. Misirawa da yawa sun bayyana a hotunan suna ɗaukar kaya, suna taya Carter buɗe akwatin gawa, har da yara masu kwasar ƙasa. Carter ya ambaci sunayen manyan ma'aikatansa huɗu, ciki har da Ahmed Gerigar, amma ba a rubuta waye waye a jikin hotunan ba. Nunin da aka yi a ɗakin karatu na Bodleian a 2022 ya sa fuskokinsu a gaba, yawancinsu ba suna a ƙasa.