Zazzaɓin da Ya Ƙi Jin Magani

Ɗan yayata ya dawo Unguwar Rimi daga yawon buɗe ido a Gana yana fama da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Da jakar goyo ɗaya ya bar Kaduna, ya bi ta Legas, Kwatano da Lome har Ankara, daga can ya hau arewa: Akosombo, Zangon Kumasi, Tamale, tsohon masallacin ƙasa na Larabanga, da gandun dajin Mole inda ake kallon giwaye. A Tamale ciwon ya kama shi. Mai kemis ya ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, ya shanye tas, jiki bai yi sauƙi ba. Haka ya lallaɓo gida, ga tari busasshe, ga kasala, ga borin jini da kan fito ya ɓace.

Zargin farko sauro ne, kamar kullum. An gwada jini, an sake gwadawa, babu ƙwayar maleriya. Sai aka koma kan taifot, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, zazzaɓin yana nan. Shawara kuwa ba ta shigo lissafi ba, domin ya yi allurar rigakafinta kafin ya tsallaka iyaka, kuma idanunsa fari tas. A nan ne maganganu suka fara yawo a tsakar gida. Wasu suka ce iska ya kwaso a daji, wasu suka ce abinci aka ba shi.

Wani dattijon likita a Malali ne ya sauya akalar binciken. Ya sa aka ƙirga ƙwayoyin jinin duka, sai ya ga wani nau'in farin jini, wanda kan ƙaru idan tsutsa ta shiga jiki, ya haura ƙima sosai. Ya ajiye takardar ya ce, "Samari, miƙo wayarka in ga hotunan tafiyar."

Suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya: kasuwar Kejetia, farar katangar Larabanga da itatuwan da suka leƙo daga jikinta, giwa a bakin ruwa. Likita ya tsaya a kan wani hoto. Yaron ne tsaye a ruwa iya ƙugu, ciyawa kewaye da shi, kwalekwale a bayansa.

"Nan ina ne?"

"Tafkin Volta ne, Likita, kusa da Akosombo."

"Da ka fito, jikinka ya yi ƙaiƙayi?"

Yaron ya juyo gare ni. "Kawu, wallahi ya yi. A daren nan ƙafafuna suka feso da ƙananan ƙuraje. Na ɗauka kuɗin cizon masauki ne."

Daga nan zaren ya fara warwarewa. Tafkin Volta ya samu ne bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, kuma ruwansa mai kwanciya da ciyayi ya zama matattarar ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya. 'Ya'yan tsutsar kan fito daga katantanwa su huda fatar mai wanka, shi ne ƙaiƙayin daren farko. Bayan mako 2 zuwa 8 sai zazzaɓi da tari su biyo, musamman ga wanda jikinsa bai taɓa haɗuwa da cutar ba, irin yaron birni da ya tashi da ruwan famfo. Lissafin ya yi daidai da kwanciyarsa a Tamale.

Saura hujja. Gwajin fitsari na farko bai nuna komai ba, har hankalin mahaifiyarsa ya sake tashi. Likita ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, tsutsar ba ta fara ƙwai ba." Sai kusan wata 3 da shiga ruwa ƙwai ke bayyana. Da lokacin ya yi, yaron ya ga ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa. Aka ɗauki na tsakar rana, lokacin da ƙwan ya fi fita, aka sa a madubin likita. Ga su nan, kowanne da ƙaya a gindinsa, irin tsutsar da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851.

An auna nauyinsa aka ba shi praziquantel, miligiram 40 ga kowane kilo, aka maimaita bayan wasu makonni, domin maganin manyan tsutsotsi ya fi kashewa. Ya warke sarai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun daga Tamale har Kaduna ba wanda ya tambaye shi ruwan da ya shiga, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Tsargiyar da aka yi sakaci da ita tana lalata mafitsara da ƙoda. Matafiyin da ya dawo da zazzaɓi ya zayyana wa likita garuruwan da ya bi, da kowane tafki ko rafi da ya taɓa jikinsa. Iyaye kuma su yi wa yaran da ke wanka a kogin Kaduna da kududdufan unguwa wannan tambayar, domin tsargiya tana nan a ruwayen Arewa.