Allon lantarki mai fuska biyu

Allon lantarki mai fuska biyu wani nau'in allon da'irar lantarki ne, wanda masu sana'a ke kira PCB, mai ɗauke da hanyoyin jan ƙarfe a samansa da ƙasansa. Hanyoyin nan su ne ke maye gurbin wayoyi, suna kai lantarki daga wannan ɓangare na na'ura zuwa wancan. A allo mai fuska ɗaya hanya ba ta iya tsallake wata ba tare da sun haɗu ba. A mai fuska biyu kuwa, hanya tana iya nutsewa ta cikin rami, ta wuce ta ƙasa, ta sake fitowa a wani wuri. Ana iya yin irin wannan allo a gida, sai dai nasarar aikin ta rataya ne kan daidaita fuskokin biyu da kuma haɗa su.

Tarihi

A 1903 wani Bajamushe, Albert Hanson, ya bayyana dabarar manna siraran ƙarafa a jikin abin da ba ya ɗaukar lantarki. Paul Eisler, injiniya ɗan ƙasar Austiriya da ke zaune a Ingila, shi ne ya yi amfani da allon da'ira a cikin rediyo a wajajen 1936. Amurka ta yi amfani da fasahar sosai a kayan yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ta shiga kayan gida.

Kayan aiki

Allon da aka fi sani shi ne FR-4, wanda aka yi da zaren gilashi da ƙaro na roba. Kaurinsa yawanci milimita 1.6 ne, jan ƙarfen da ke kowace fuska kuma maikiromita 35. Ana bukatar firinta mai lesa, takarda mai sheƙi, dutsen guga, soson ƙarfe, injin huda mai bakin milimita 0.8 zuwa 1, dalma, da sinadarin ferik kulorayid mai cinye jan ƙarfe. Ana zana da'irar a kwamfuta da manhaja irin KiCad, wadda kyauta ce. Firinta mai ruwan tawada ba ta da amfani a nan, domin garin tawadar lesa ne kaɗai ke narkewa ya manne a ƙarfe.

Daidaita fuskoki

Ana buga zanen sama a juye kamar yadda madubi ke nuna abu, na ƙasa kuma a bar shi yadda yake a kwamfuta. Wanda ya manta wannan zai ga ƙafafun na'urorinsa sun koma baibai bayan ya gama duk wahalar.

Hanyoyi biyu ne suka fi yaɗuwa. A ta farko ana haɗa takardun biyu fuska da fuska, a ɗaga su ga haske har ramukan su hau kan juna, a liƙe gefe biyu ko uku su zama kamar ambulan, sannan a zura allon da aka goge tas a tsakiya. A ta biyu ana huda ƙananan ramuka a kusurwoyin allon da na takardun, a soka allura ta riƙe su. Ta farko ta fi sauƙi, amma takarda kan zame lokacin guga. Kuskuren rabin milimita ya isa ya sa bakin injin huda ya faɗa tsakiyar zoben sama ya yanke na ƙasa, shi ya sa ake faɗaɗa zobban tun a zane.

Bayan guga ana jiƙa allon a ruwa, a murje takardar a hankali da yatsa. Dutsen guga na gawayi yana iya aikin idan babu wuta, amma zafinsa ba ya tsayawa daidai, sai wani sashe ya kama wani ya ɓare. Ƙura ma abokiyar gaba ce. A garuruwan jihar Sakkwato irin su Lambara, Bodinga da Shagari, ƙurar hunturu na iya sauka kan allon tsakanin gogewa da guga, ƙwaya ɗaya kuma tana iya katse siririyar hanya.

Cinye jan ƙarfe da haɗa fuskoki

Ana tsoma allon cikin ferik kulorayid a mazubin roba ko gilashi, ana jijjigawa, har duk jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba ya narke. Sinadarin ya fi sauri idan yana da ɗumi. Kada fuskar ƙasa ta kwanta a gindin mazubi, in ba haka ba sama za ta gama ta fara lalacewa ƙasa ba ta ko fara ba. Daga nan a wanke, a goge tawadar da asiton, a huda.

A masana'anta ana shafe cikin kowane rami da jan ƙarfe ta hanyar sinadarai da lantarki, don haka fuskokin suna haɗe da kansu. A gida ramin fanko ne. Dole a zura guntuwar waya a liƙe ta da dalma sama da ƙasa, rami bayan rami. Ƙafar na'ura tana iya yin wannan aiki, amma ban da inda jikin na'urar ya rufe zoben sama har bakin ƙarfen liƙi ba ya isa gare shi. Irin waɗannan wurare tun a zane ake kauce musu. Wannan wahala ce ta sa ɗalibai da yawa a Najeriya ke komawa allon Vero mai ramuka, ko su tura zanensu masana'antun ƙasar Sin.

Haɗari

Ferik kulorayid yana ƙona fata, yana illa ga ido, yana ɓata tufafi, yana kuma cin tukunyar alminiyam. Ana sa safar hannu da tabarau, a yi aikin inda iska ke shiga. Ruwan da aka gama aiki da shi cike yake da narkakken jan ƙarfe, wanda guba ne ga kifi da tsirrai. Ba a zuba shi a kwata, ko kusa da rijiya, ko inda dabbobi ke sha. Ana adana shi a jarkar roba mai murfi da alama a jiki, nesa da yara, kuma ana iya sake amfani da shi har ƙarfinsa ya ƙare.