Tsohuwar A-kori-kura A Fadamar Haɗeja: Inda Ya Kamata Kuɗinka Ya Fara Shiga

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya saba ganinsu: tsofaffin motocin a-kori-kura da aka ɗaga sama, aka sa musu manyan tayoyi, aka jera fitilu a ka, suna keta taɓo a Ostireliya ko Amurka. Bidiyon yana da daɗin kallo, kuma ba mamaki ka ji kana sha'awar tsohuwar Hilux ɗin da ta shekara biyar a jingine a ƙofar gidan kawunka. Sai dai masu waɗancan bidiyoyi wasa suke yi. Idan motar ta kafe, abokansu na gefe da wata motar da za ta ja su. Kai kuwa idan taka ta kafe tsakanin Haɗeja da Guri da buhunan shinkafa a baya, ga yamma ta yi, ga ruwa na ƙaruwa, magana ta zama ta dukiya, wani lokaci ma ta rai.

Saboda haka kafin a taɓa sifana, sai a fara sanin ƙasar da motar za ta taka.

Ƙasa biyu a hanya ɗaya

Sunan Jigawa kansa daga jigayi ya samo asali, wato tuddan rairayi. Idan ka nufi wajen Birniwa da rani, yashi ne abokin gwagwarmayarka. Amma da ka gangaro fadama ta ɓangaren Auyo, Kirikasamma ko Guri, sai ka tarar da baƙar laka mai danƙo, wadda take tauri kamar siminti da rani, da damina kuma ta zama sabulu. A tafiya ɗaya mota tana iya haɗuwa da duka biyun.

Ruwan kuma yana da nasa hali. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗe, kuma kowannensu akwai dam a kansa: na Tiga da aka kammala a 1974, da na Challawa a 1992. Ma'ana, ana iya kwana uku ba a ga ko yayyafi a Haɗeja ba, amma mashigin da ka wuce jiya ruwa iya ƙauri, yau ka same shi iya ƙugu, domin ruwan da aka yi can sama ne ya iso. Ga kuma kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa da dama a yankin, take tilasta masa ya bi ta inda a da ba ya bi. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da matasan Haɗeja suka riƙa kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wace mota za a fara da ita?

Mutane da yawa zuciyarsu na kan Peugeot 504 a-kori-kura, wadda a can baya kamfanin PAN ya daɗe yana haɗawa a Kaduna. Mota ce mai juriya, kowane bakanike ya san cikinta, kuma ta yi wa kasuwannin ƙauye hidima fiye da yadda za a iya faɗa. Matsalarta guda: tayoyin baya kawai ke ja. Da kaka da rani za ta yi maka aiki, amma a laka ta watan Agusta sai dai haƙuri.

A ganina, wanda ya dace da fadama shi ne Hilux mai jan ƙafa huɗu na tsakanin 1988 da 1997. Aksil ɗinta na gaba sandararre ne guda ɗaya a kan sifirin mai ganye, babu tarkace da yawa da za su lalace. Idan ka dace da mai injin dizal na 3L, lita 2.8, to famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da ruwa zai taɓa ta rikice. Ba ta da gudu, a kan titin Haɗeja zuwa Kano ƙananan motoci za su riƙa wuce ka suna kallonka, amma ba don tsere ka saye ta ba.

Ranar duba mota, ka manta da fenti. Ka kwanta ƙarƙashinta da tocilan wayarka da ƙaramar guduma, ka bi shasi kana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin ke riƙe. Motar da ta yi aiki a fadama laka na maƙalewa cikin ramukan shasinta, ta riƙe danshi, tsatsa ta ci ta daga ciki. Inda ka ji sauti ya mutu, ko ka ga walda a kan walda, ka yi sallama ka tafi. Inji ana sauyawa, shasi kuwa shi ne motar. Ka kuma gwada lambar shasi da ta jikin takardu tun kafin a fara ciniki.

Aikin da ba ya fitowa a hoto

A nan ne yawancin matasa ke ɓarar da kuɗi, domin abubuwan da suka fi muhimmanci ba wanda zai gan su a Instagram. Na farko lagireto. Tafiya a laka ko yashi tafiya ce ta ƙaramar giya, inji na ihu, iska ba ta shiga, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Tsohon lagireto da ya toshe zai sa kan inji ya tsage. A wanke shi ko a sauya, a sauya robobin ruwa. Na biyu bel ɗin tayimin: a injin 3L ana sauya shi duk kilomita 100,000, kuma tunda ba ka san ranar da mai motar na baya ya sauya ba, ka ɗauka bai taɓa yi ba. Idan ya tsinke inji na aiki, bawul da fistin za su yi karo. Sai birki da kuloci, sannan a zubar da duk wani tsohon mai a zuba sabo.

Akwai wani ɗan ƙaramin aiki da kuɗinsa bai kai na cajar waya mai kyau ba, amma yana ceton dubban nairori. A saman kowane aksil akwai ɗan bututun numfashi. Idan aksil ya yi zafi da tafiya ka tsunduma shi a ruwa mai sanyi, iskar ciki sai ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta wannan kafa. Ruwan ya gauraya da man giya, haƙora su fara cin juna a hankali, bayan wata biyu ka ji ƙugi daga baya ba ka san dalili ba. Maganinsa tiyo ne siriri da za a ɗaura a bakin bututun a ja shi sama har cikin bonet. Haka za a yi wa akwatin giya.

Sai sinokel, wato dogon bututun shaƙar iska da ake hawar da shi ta gefen gilashi. Yana da amfani, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska: kofi ɗaya ya shiga silinda, sandar fistin ta lanƙwashe, inji ya tashi aiki nan take. Da rani ma yana rage ƙurar da inji ke sha. Masu walda na iya ƙera shi, amma a tabbatar kowace mahaɗa ta toshe sarai. Gwajin mai sauƙi ne: inji na aiki a hankali, a rufe bakin bututun da faffaɗan katako na ɗan lokaci. Idan bai nemi mutuwa ba, yana shan iska ta wani wuri, kuma ta nan ruwa zai shiga.

Taya, da maganar ɗaga mota

Ɗaga bodi ba ya ɗaga aksil. Abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun aksil, kuma girman taya kaɗai ke nisanta shi da ƙasa. Taya mai inci 31 da ɗagawar da ba ta wuce inci biyu ba sun ishi wannan mota. Abin da ya haura haka yana ƙara shan mai, yana wahalar da birki, kuma mota mai tsayi ɗauke da kusan tan ɗaya a kan karkatacciyar hanya neman kifewa take yi.

Dabarar da ta fi kowace kyauta ce: rage iskar taya. A yashi, saukar da ita zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin PSI yana shimfiɗa tayar ta hau kan rairayi maimakon ta haƙa rami. Sharaɗin shi ne ka mallaki ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. Kuma da ka hau kwalta ka cire jan ƙafa huɗu, domin irin wannan mota ba a yi ta don ta yi tafiya da shi a busasshen titi ba.

Winci kuwa ka jinkirta shi. Yana buƙatar abin ɗaurawa, kuma a tsakiyar fadamar shinkafa ina bishiyar take? Shebur, katakai biyu masu kauri, jak da faranti a ƙarƙashinsa, da igiyar ja mai ƙarfi sun fi shi amfani. Fitilun nan masu kashe ido kuma, don Allah a bar su sai cikin daji; mai babur da ke tahowa daga kasuwar Gujungu da dare shi ma yana son ya ga gabansa.

Wayarka a matsayin kayan aiki

Kada ka yi saurin sayen na'urar ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth don karanta lafiyar inji. Tana buƙatar kafar OBD2, kuma Hilux ta wancan zamani ba ta da ita. Abin da zai yi maka aiki shi ne ƙaramin ma'aunin zafi mai allo da ƙararrawa, wanda ake ɗaura wayarsa a kan inji, da cajar USB mai nuna ƙarfin batir.

GPS ba ya buƙatar data. Ka sauke taswirar yankin a OsmAnd ko Organic Maps tun kana gari, sannan ka kunna ɗaukar sawu duk lokacin da ka bi wata hanya da rani. Hanyoyin fadama da yawa babu su a taswira, wasu ma kowace shekara sauya wuri suke yi, don haka sawun da ka ɗauka da kanka ya fi komai. Ka sa alama a kan kowane kwalbati da kowane rami. Ranar da ruwa ya rufe hanyar, wayar za ta nuna maka inda gefenta yake, kuma kana iya tura fayil ɗin ga wani direba ta WhatsApp. Hakan kuma zai hana ka ratsa gonar mutane ko hawa jingar da gari ya dogara da ita.

Da damina ka riƙa leƙa Flood Hub na Google, wanda ya haɗa da Najeriya, tare da hasashen NiMet da na NIHSA. Amma hukuncin ƙarshe a bakin mashigi ake yanke shi. Hukumar yanayi ta Amurka ta ƙiyasta cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 na iya tafiya da ƙaramar mota, santimita 60 kuma ya ɗauki a-kori-kura, da sinokel ko babu. Ka sauka, ka tambayi masu fito da masunta, ka kalli inda ruwan ya kai wa wanda ke tsallakawa da ƙafa. Idan ya wuce gwiwa kuma yana ja, a sauke kaya a kwale-kwale, motar ta kwana a wannan gaɓar.

Idan kuwa ka tsallaka lafiya, ka riƙa taɓa birki a hankali na ɗan nisa har ya bushe. Da ka isa gida a wanke ƙarƙashin motar da cikin shasi tun lakar ba ta daskare ba, sannan a kwance noti a duba man aksil na gaba da na baya. Idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a zubar da shi a ranar.