Wa Ya Tare Ƙofa Ta 3000?

Duk wanda ke gina shafin intanet a kwamfutarsa ya san wannan rana. Ka tayar da manhajarka, ta ƙi tashi, allo ya nuna maka EADDRINUSE. Ma'anarsa wani ya riga ka zama a ƙofar da kake son buɗewa. Sau tari ma ba baƙo ba ne, sabarka ce ta jiya da ba ta mutu ba, tana nan bayan fage tana jiran masu ziyara.

Ba za ka kore ta ba sai ka san lambarta. A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs na Amurka a 1969, duk shirin da ke gudana yana da lambar shaida da ake kira PID. Linux da macOS a kan wannan tsari suke, Windows ma tana da irin tata. Lamba 1 ta shirin farko ce, wanda a yawancin Linux na yau shi ne systemd. Lambar aro ce kawai. Shiri na mutuwa za ta koma rumbu, wata rana a ba wani.

Yawancin masu koyo da suna suke fara nema, su rubuta ps aux | grep node. Ba laifi, amma sunan "node" a kwamfutar mai gina shafuka tamkar kiran "Malam" ne a tsangaya, mutum goma za su waiwayo. Har shi kansa grep ɗin yakan fito cikin jerin, sabon shiga ya yi ta ƙoƙarin kashe abin da ya riga ya wuce. A ganina, tunda ƙofa ce ta kawo rigimar, ƙofar za a tambaya.

Kowace saba tana sauraro ne a wata ƙofa mai lamba: 80 da 443 na shafukan da jama'a ke ziyarta, 8000 ta Django, 5000 ta Flask, 3000 kuma Rails da yawancin ayyukan Node ke so. A Linux ko macOS, rubuta lsof -i :3000, zai fito maka da sunan shirin da lambarsa da mai shi. A Linux akwai kuma ss -ltnp, mai jero duk ƙofofin da ake sauraro. Idan gurbin lambar ya fito wayam, shirin na wani ne, sai ka sa sudo a gaba. Mai Windows ya rubuta netstat -ano | findstr :3000, lambar tana ƙarshen layi.

Amfanin wannan hanya ya fito fili a 2021, lokacin da macOS Monterey ta fito da AirPlay yana riƙe da ƙofa ta 5000. Masu Flask da dama suka yi ta farautar sabar da babu ita, alhali lsof ɗaya ya isa ya nuna musu ControlCenter na Apple zaune a wurin.

Sabar gaske, irin nginx, ba lamba ɗaya gare ta ba. Akwai uwa, akwai 'ya'ya masu karɓar baƙi. Ka kashe ɗa, kafin ka ƙifta ido uwar ta haifi wani. Lambar uwar kake nema, kuma galibi tana rubuce a fayil ɗin /run/nginx.pid. Sai dai fayil irin wannan ba abin amincewa ido rufe ba ne, musamman wanda manhaja ta ajiye cikin jakar aikinta. Wuta ta ɗauke ba sallama, fayil ya rage da tsohuwar lamba, wadda wataƙila yanzu ta wani ce. Tabbatar tukuna da ps -p haɗe da lambar.

Idan ka tabbatar, kill da lambar ya wadatar. Yana aika sigina ta 15, wato roƙon shirin ya kammala abin da ke hannunsa ya fita. Shi kuwa kill -9, da ake yawan koya wa mutane tun farko, ba ya ba shi damar ko rufe fayil, don haka a bar shi sai lallami ya ƙi. In kuma ka kashe saba ta dawo da sabuwar lamba, akwai mai tashinta. A Linux yawanci systemd ne, shi za ka yi wa magana: sudo systemctl stop da sunan sabar.