Abin da Ya Biyo Bayan Ɓacewar Ungulu a Indiya

Ciyawa na tsira da rana da ruwa, saniya ta ci ciyawa, in ta mutu ungulu ta cinye mushen. Wannan jerin na wa ke cin wa shi masana ke kira sarƙar abinci. Sai dai sarƙoƙin a harɗe suke da juna, domin mushen da ungulu ke ci, shi kare da ɓera ke haƙo.

Indiya ta gani a ƙwaryar shanta. A shekarun 1990 makiyaya suka fara yi wa shanunsu allurar diklofenak, maganin ciwo mai araha. Yawancin mabiya addinin Hindu ba sa cin naman shanu, saboda haka in saniya ta mutu sai a feɗe fata, a bar sauran a fili. Ungulaye su sauko, su yi mata rubdugu, kafin awa guda sai ƙashi. Amma wadda ta ci naman da maganin bai bar jikinsa ba, ƙodarta kan lalace, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Sai a 2004 aka gano musabbabin, a 2006 aka haramta bai wa dabbobi maganin. Kafin nan aikin gama ya gama, nau'i uku na ungulun ƙasar sun ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari.

Nan ne abin ya fi ba ni tsoro. Tumbin ungulu na da ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Da ta kau, mushe ya riƙa ruɓewa a bakin rafi, karnukan da ba su da ubangida suka samu abinci suka hayayyafa, ga cizo, ga ciwon haukan kare. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005.

Mu ma ba mu tsira ba. Ungulun da muka saba gani a kwata, tana jiran mahauta su zubar da tumbi, tun 2015 take cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Ana sa mata guba, ana sayar da kanta a kasuwa don tsibbu. Mai karatu, in aka yi maka tallar kan ungulu, don Allah kada ka saya.